Ka Sayi Motar, Amma Wa Ke Riƙe da Manhajarta?

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ga mutanen Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, da duk ƙauyukan da muryarmu ke kaiwa. Gaisuwa ta musamman ga direbobin da ke tasha suna jiran lodi, da 'yan kabu-kabu, da masu adaidaita, da makanikan da ke kwance ƙarƙashin mota rediyo na gefensu. Shirin yau naku ne kafin kowa.

Duk wanda ya taɓa riƙe mota ko babur ya san ƙarfe ba ya sauya hali sai da dalili. Yadda ka ajiye shi da dare, haka za ka tarar da shi da safe. In ka ji ya sauya, to ko wani abu ya lalace, ko wani ya sa masa hannu. Yau za mu yi magana a kan motar da ta saɓa wa wannan ƙa'ida, wato motar lantarki. Ita kana barci, ƙofar gida a kulle, makulli a aljihunka, amma kamfanin da ya ƙera ta yana can wata ƙasa ya aiko mata da saƙo ta iska, da safe ka tarar birkinta ya ƙara kamu, ko cajinta ya rage auki. Za mu ji yadda masu irin waɗannan motoci suka koyi bin sawun abin da ake aiko musu, suna rubutawa, suna gwada na juna, da abin da hakan ya jawo musu.

Na san wani a tasha zai ce, mu da muke fama da kuɗin esansi da ɗaukewar kuran, ina ruwanmu da motar Turawa? Tambayar tana kan hanya, kuma ba zan ce muku motocin nan sun cika kwaltar Maraɗi zuwa Tasawa ba. Amma mu waiga mu ga maƙwabta. A Nuwamban 2020 aka fito da Hyundai Kona mai aiki da lantarki, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas. A Afrilun 2021 aka buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ƙarƙashin hukumar kula da ƙera motoci ta Najeriya, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantarta, Basakkwacen nan da ya zana siffar Chevrolet Volt a Amurka. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire wa ƙananan bas-bas inji yana saka musu batir. A Benin da Togo baburan kamfanin Spiro masu batir suna ɗaukar fasinja kullum. Habasha kuwa tun farkon 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kowa a bakin iyaka ya ji a aljihunsa. Kuma kun sani, abin da ya shiga kasuwar Kano da Katsina ba ya daɗewa bai ƙetaro Jibiya da Ɗan Isa ba. A ganina ba da babbar mota zai fara iso mana ba, da babur da adaidaita zai zo. Tun ran gini ran zane, gara mu san abin kafin dillali ya tsaya da shi a gabanmu.

Mu fara da abin da ke cikinta. Motar lantarki ba ta da fistan, ba ta da filogi, ba a yi mata juyen baƙin mai. Akwai babban batir shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru, akwai injin lantarki da ke juya ƙafafu, sai ƙananan kwamfutoci birjik masu ba kowane sashe umarni. Umarnin da aka rubuta wa kwamfutocin nan shi ake kira manhaja. A cikinsu duka wadda ta fi damunmu ita ce mai gadin batir. Shi batirin ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙananan batura ne ɗaruruwa, a wasu motocin dubbai, aka jera aka haɗa. Mai gadin nan ita ke auna zafinsu, ita ke cewa caji ya tsaya nan kada ya wuce, ita ke cewa kada a zuƙe su ƙasa da kaza, ita ke yanke saurin da wuta za ta shiga. Ku riƙe wannan da kyau: lambar da ke fitowa gaban direba, wadda ke cewa saura kilomita kaza, ba aunawa aka yi ba kamar yadda ake tsoma sanda a tanki. Lissafi ne manhaja ta yi. Wanda ya iya sauya lissafin, ya iya sauya lambar.

Masu salula ta zamani kun saba da saƙon nan da ke fitowa yana neman a sabunta manhaja, wanda matasa ke cewa mizajur. Haka abin yake a mota. Kamfanin Tesla na Amurka ne ya fara yin sa gadan-gadan tun 2012, yanzu kuma kamfanoni da yawa na Turai da Sin da Koriya sun bi sahu. Saƙon yana sauka ta intanet ɗin gida ko ta layin waya da ke cikin motar, sai allo ya tambaye ka yaushe kake son a ɗora shi. Dole motar ta kasance a tsaye, kuma har a gama, abin da kan ɗauki rabin awa ko fiye, ba ta tuƙuwa. Kowane sabuntawa da lambarsa. A Tesla lambar tana farawa da shekara, sai makon shekarar, misali 2024.14. Kuma ba a aika wa kowa rana ɗaya. Ana fara ba wa 'yan kaɗan, a ga yadda ta kaya, sannan a faɗaɗa. Daga nan ne masu motocin suka ɗauki ɗabi'ar tambayar juna: wace lamba kake kai? Ta iso maka? Me ka ga ya sauya?

Abin yana da alheri, kuma ba zan rage masa komai ba. A Mayun 2018 wata tsohuwar mujallar kare masu saye a Amurka, Consumer Reports, ta gwada birkin Tesla Model 3. Daga gudun kilomita 97 a awa, sai da motar ta ci wajen mita 46 kafin ta tsaya cik, abin da ya yi wa ƙaramar mota yawa. Mujallar ta ƙi ba mutane shawarar su saya. Ba a yi mako biyu ba kamfanin ya aika gyara ta iska, aka sake gwadawa, tazarar ta ragu da kusan mita 6. Direba ya san abin da mita 6 ke nufi in yaro ya ɓullo da gudu daga bayan amalanke. Babu wanda ya kai motarsa garaji, babu wanda ya kwance ƙusa ko ɗaya.

Ga wani kuma, daga Satumban 2017, lokacin da guguwar Irma ta tunkaro jihar Fulorida aka ce mutane su fice. Akwai motocin Tesla da aka sayar da sunan masu batir mai awo 60, alhali batirin da ke cikinsu mai awo 75 ne. Ragowar an kulle ta da manhaja, sai wanda ya ƙara biyan dubban dalolin Amurka ake buɗe wa. Da gudu ya kama, kamfanin ya buɗe wa mutanen yankin ragowar na 'yan kwanaki, kowa ya sami ƙarin wajen kilomita 50. An yaba masa, kuma ya cancanci yabo. Amma ku tsaya ku yi tunani a kan abin da labarin ya tona. Mutum ya biya kuɗinsa, takardu da sunansa, yana yawo da batir a ƙarƙashinsa, wani ɓangare na batirin kuma mabuɗinsa na hannun wani. Hannun da ya iya buɗewa daga nesa ya iya rufewa daga nesa.

Kuma an rufe ɗin. A Mayun 2019, bayan wata motarsa samfurin Model S ta kama wuta a Hong Kong, Tesla ya aika sabuntawa da ya taɓa yadda batir ke caji. Ba a jima ba wasu masu tsofaffin motocin suka lura in sun cika caji, kilomitan da allo ke nunawa sun faɗi, faɗuwar da ta kai kimanin kashi 10 cikin 100. Batir dai yana tsufa, kowa ya yarda da haka. Da mutum ɗaya ne ya je da kuka, cewa za a yi motarka ce ta kwana biyu. Abin da ya hana a rufe bakinsu shi ne da yawansu sun daɗe suna rubuta lambar cikakken caji, wata bayan wata. Tsufa a hankali yake tafiya, wannan kuwa faɗuwa ce ta dare ɗaya, kuma da suka jera rubuce-rubucensu sai ga shi kowa daren da lamba kaza ta sauka a motarsa ne abin ya same shi. Manomi ya san wannan dabarar. In gyaɗarka ba ta tsiro ba, ba ka fara da zargin mai iri, sai ka leƙa gonar maƙwabci. In tasa ta fito, matsalar gonarka ce ko shukarka. In kuwa duk wanda ya ɗiba a buhu ɗaya kuka ɗaya yake yi, magana ta koma kan buhun. Suka kai ƙara kotu. A 2021 kamfanin ya yarda a sasanta a kan dalar Amurka miliyan ɗaya da rabi, masu motoci 1,743 kowa ya sami dalar Amurka 625, kuma kafin nan ya riga ya aika wasu gyare-gyaren da suka mayar wa yawancinsu da abin da aka rage.

Ni ban ga laifin kamfani ba in ya rage caji don gudun gobara, rai ya fi kilomita. Laifin da na gani shi ne a taɓa dukiyar mutum ba a faɗa masa baki da baki ba. Kuma ku duba yadda wannan kashi 10 zai yi nauyi a wajenmu. Kuran ɗin da muke sha a nan, babban layinsa daga Katsina yake tasowa ya sauka Gazawa, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Mun ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023, ba a mayar ba sai Maris na 2024. Wanda ke Turai in cajinsa ya gaza, gaba kaɗan zai tarar da wurin caji. Kai kuwa in allo ya ce saura kilomita 40 alhali 30 ne, tsakiyar daji za ka tsaya da fasinja da buhunan aya, kuma ba a kawo caji a galan.

(Gajeren kiɗa)

Masu saurare, har yanzu kuna tare da filin faɗakarwa, muna magana kan manhajar motocin lantarki. Yanzu ga ɓangaren da na fi so mu daɗe a kai, domin ya shafi zafi, kuma zafi namu ne.

Akwai wata mota ta Japan, Nissan Leaf, wadda ta fito a ƙarshen 2010. Tana cikin motocin lantarki da suka fi yawa a kasuwar na hannu a duniya, don haka ba abin mamaki ba ne wata rana a gan ta a garejin dillalan Maraɗi. Batirin tsofaffin samfuranta ba shi da ruwan sanyaya shi. A gaban direba akwai wasu layuka 12 masu nuna lafiyar batir, in ya tsufa sai su riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. A 2012, masu wannan mota a birnin Finiks na jihar Arizona, inda rana ke wuce awo 40 kamar yadda take yi mana a Afrilu da Mayu, suka ga layukan suna zubewa tun motocin ba su cika shekara biyu ba. Maimakon kowa ya yi ta gunaguni shi kaɗai, a Satumban shekarar suka tara motoci 12, suka cika su da caji, suka bi hanya ɗaya da gudu ɗaya har kowace ta tsaya, suka rubuta inda ta kai. Sakamakon ya nuna ba ido ne ke yaudararsu ba, wasu motocin sun yi asarar tafiya mai yawa. Kafin shekarar ta ƙare Nissan ya sanar da sabon garanti: in layukan suka sauka ƙasa da 9 cikin shekara 5 ko mil 60,000, gyara na kansa. A 2013 kuma ya fitar da sabuntawa ga manhajar da ke lissafin layukan.

Labarin bai ƙare nan ba. A ƙasar Niyu Zilan yawancin masu Leaf na hannu suka saya, an shigo da su daga Japan, kamar dai yadda muke sayen motocin Beljiyam. Ba su da wani babban gata a wajen kamfani. Sai suka kafa wani tsari mai suna Flip the Fleet, kowa duk wata ya aika abin da ya karanta daga motarsa. A farkon 2018 aka tattara na motoci kusan 280, aka ga masu sabon batir mai awo 30 lafiyarsu na sauka kusan ninki uku na masu tsohon batir mai awo 24. Hankali ya tashi, domin wanda ya ƙara kuɗi ya sayi babba shi ne ke asara. Bayan 'yan watanni Nissan ya fito ya ce kwamfutar batirin ce ke kuskuren lissafi, ya fitar da gyara, masu motoci da dama suka ga lambarsu ta hau. Ku lura da abin da suka yi bayan nan, domin shi ne ya burge ni. Ba su ce shi ke nan sun gode ba. Sun ci gaba da aunawa, don su tabbatar ko tafiyar ce ta ƙaru da gaske ko allo kawai aka faranta wa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ajiye shaida ake saurarensa.

Akwai kuma cutar da manhaja ba ta warkarwa. Hyundai Kona ɗin nan da na ambata, irinta da aka ƙera tsakanin 2017 da 2020 ta yi ta kama wuta a Koriya ta Kudu da wasu ƙasashe. A Oktoban 2020 kamfanin ya kira motocin aka sabunta musu manhajar gadin batir. A Janairun 2021 wata da aka riga aka yi wa gyaran ta ƙone a birnin Degu. Wata ɗaya bayan haka Hyundai ya yanke shawarar canza batirin motoci kusan 82,000 a duniya, aikin da ya ci wajen dalar Amurka miliyan 900. Aibin yana cikin ƙirar ƙananan baturan ne, kuma ba a ɗinke ƙarfe da saƙo. Saboda haka in dillali ya ce maka ai an yi mata mizajur, tambaye shi, batirin fa, an canza ko ba a canza ba?

Shi kansa sabuntawar yakan zo da kuskure. A Nuwamban 2023 kamfanin Rivian ya aika lamba 2023.42, ashe wani ma'aikaci ya saki wadda ba ita ba, allunan wasu motocin suka daskare. Waɗanda abin ya fara samu suka yi ta sanar da 'yan uwa, kamfanin ya dakatar, abin ya tsaya a kan kashi kaɗan. Waɗanda suka jinkirta kwana ɗaya sun tsira.

Sai tambaya mai nauyi: in kamfanin ya mutu fa? A Yunin 2024 kamfanin Fisker na Amurka ya karye, bayan ya ƙera motarsa Ocean kusan 11,000, manhajarta kuma ba a gama daidaita ta ba. Masu motocin suka wayi gari da dukiyar da ta dogara da kwamfutocin kamfanin da babu shi. Suka kafa ƙungiyar kansu, dubban mutane suka shiga, suna neman kayan gyara tare, suna koya wa juna, suna ɗaukar masana su riƙe musu manhajar. A ƙasar Sin haka aka yi da WM Motor, wanda ya durƙushe a Oktoban 2023, masu motocinsa suka yi ta kukan abin da suke sarrafawa ta salula ya daina amsawa. Ina kawo wannan ne domin kamfanonin motar lantarki a Sin suna da yawa ƙwarai, gasa ta yi tsanani, ba duka za su kai labari ba. Motar kamfanin da ya mutu tana araha, kuma mun san kasuwar da ake turo wa kayan da suka yi araha irin wannan. Tsohuwar Toyota ko kamfani ya manta da ita, makanikin Gidan Rumji zai tashe ta. Wannan kuwa ba lallai ba ne.

To, ga mai niyyar sayen ta hannu, akwai abubuwan da takardun duwan ba za su gaya maka ba. Yawancin motocin nan suna ɗaure da asusun mai su na farko. Muddin ba a cire sunansa an sa naka ba, yana iya ganin inda motar take a salularsa, yana iya buɗe ta ko kulle ta, yana can ƙasarsa. Kada ka cika kuɗi sai an mayar da asusun gabanka. Ka kuma binciki ko motar haɗari ce da kamfanin inshora ya yafe aka yi gwanjonta, domin da yawan motocin Amurka da ke zuwa Afirka ta Yamma irinsu ne, kuma Tesla ya daɗe yana toshe wa irin waɗannan caji mai sauri a tashoshinsa. Layin wayar da ke cikin motar an yi shi ne don rezon ƙasar da aka sayar da ita, ba lallai ya kama Airtel ko Moov ko Zamani ba. Ko a can ma rezo na tsufa: a Ingila, daga Agustan 2024, tsofaffin Leaf da aka ƙera kafin 2016 sun daina magana da salular masu su, saboda tsohon rezon da suke amfani da shi ana shirin kashe shi. In kuma an ƙera motar don kasuwar cikin gida ta Sin ce, kana iya tarar da allon duk rubutun Sinanci, gargaɗi ya fito ba ka san me yake cewa ba.

'Yan kabu-kabu da masu adaidaita, ku matso. Naku zai fi zuwa ta hanyar biya sannu-sannu. Kun ga fitilun sola da salular da ake bayarwa bashi, waɗanda ke kulle kansu in ba a biya ba. Wannan dabarar ita ake sa wa babura masu batir a ƙasashe da dama, kuma a tsarin musayar batir sau da yawa babur naka ne, batir na kamfani. Ba haramun ba ne, ya taimaki matasa da yawa sun sami abin yi. Amma kafin ka dangwala hannu, a karanta maka takardar da Hausa. Kwana nawa ake ɗaga maka ƙafa in ciwo ya kwantar da kai? In ka biya amma kana ƙauyen da babu rezo, wa zai buɗe maka? Ran da ka gama biya, ana cire makullin gaba ɗaya? Suna da ikon rage maka gudu ko nisan tafiya daga ofishinsu, kuma in za su yi, za su sanar da kai?

Yanzu abin da za a rubuta. Littafin makaranta ɗaya ya isa, da boko ko da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya ɗauki hoton allo da salula. Ranar da abin hawa ya shigo hannunka, rubuta kwanan wata, da lambar manhaja, da kilomitan da ya riga ya ci, da abin da yake nunawa in caji ya cika. Ka zaɓi hanya ɗaya da ka sani, a ce Agiye zuwa Gazawa, ka ga kashi nawa na caji take ci da lodin da ka saba. Ka maimaita duk wata, ka maimaita kafin kowane sabuntawa da bayansa. Ka rubuta yanayin ranar, domin awon bazara da na hunturu ba za su zo ɗaya ba, kada ka ɗora wa manhaja laifin rana ko na iska. Sannan littafinka kaɗai bai wadatar ba. Sandikar direbobi da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu sun riga suna da ofis da magatakarda da taro. A ajiye babban littafi ɗaya a can, duk mai abin hawa na batir ya riƙa kawo nasa awon. Mutum goma masu rubutu sun isa a gane ko matsalar ta mutum ɗaya ce ko ta kowa.

Wani zai tambaya, in saƙon ya zo, in karɓa ko in ƙi? Shawarata, ka karanta bayanin da ya zo da shi, ko ka sa a karanta maka. In ya shafi birki, ko sitiyari, ko zafin batir, ko an ce kiran gyara ne na hukuma, kada ka kwana da shi. A Disamban 2023 sama da motocin Tesla miliyan biyu aka yi wa irin wannan gyara a Amurka, bisa matsin hukumar kiyaye haɗurra, kuma ta iska aka yi. In kuwa kwalliyar allo ce ko kayan kiɗa, bari wasu su riga ka, ka ji labari. Kada ka fara shi da safiyar ranar kasuwa fasinja na jira, kada ka fara shi caji ya yi ƙasa, kuma ka tabbatar ƙaramin batirin motar mai awo 12 yana da lafiya, domin shi ke riƙe kwamfutocin.

Iyayenmu makanikai, da ku nake yanzu, da girmamawa. Hannunku ya raya motocin da masu ƙera su suka yanke wa ƙauna. Amma wayoyin nan masu ruwan lemo da za ku gani a motar lantarki suna ɗauke da wuta mai awo kusan 400, suna kisa nan take. Kada a sa yaron shago ya taɓa su. Kuma za a sami masu zuwa da kwamfuta suna cewa za su fasa manhajar batir su ƙara maka nisa. Iyakar da aka sa wa caji ita ce tsakaninka da gobara, musamman a zafinmu. Abin da ya kamata ku nema tun yanzu, ta bakin ƙungiyoyinku da cibiyoyin koyon sana'a na jihar Maraɗi, shi ne horo da na'urar karanta lafiyar batir. Duk mai son ya shigo da waɗannan ababen hawa ya sayar mana, a sa masa sharaɗin horar da masu gyara a nan.

Hukuma ma da nata. Akwai ƙa'ida mai lamba 156 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan sabunta manhajar mota, wadda Tarayyar Turai ta wajabta wa duk sabuwar mota tun Yulin 2024. Ta tilasta wa kamfani ya ajiye tarihin kowace manhaja da ya ɗora, kuma kafin ya aika sabuntawa ta iska ya sanar da mai mota dalili, da abin da zai sauya, da tsawon lokacin da zai ɗauka. Ba abu ne mai tsada ba a nemi irin wannan daga masu shigo da kaya ƙasarmu, a ƙara da cewa bayanin ya zo da Faransanci da Hausa, kuma lambar manhaja da awon lafiyar batir su shiga takardar ciniki kamar yadda lambar shasi ke shiga.

Lokaci ya kama mu. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake cajin babur da adaidaita da hasken rana, da yawan faifan sola da aikin ke bukata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana ta hanyar da aka saba. A huta lafiya, wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)